Tantanin da Baba Ya Shimfiɗa

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 7:20 na safe

Don rubuta awon gwaji na sayi littafin nan, ga shi tun a shafin farko na fara da abin da ba awo ba.

Yau kwana takwas da ɓarin jikin Baba ya shanye. Farar rigarsa ta aiki tana nan rataye a bayan ƙofar ɗakin gwaji. Mai shara ta ce za ta kai wanki, na ce ta bar ta. Ta dube ni, ta bar ta.

Jiya kuma sai ga takardar. Bari in rubuta maganar daga tushe, ko kaina ya daina juyawa. Shekara huɗu ina kan aiki ɗaya. Roba iri biyu nake narkarwa a cikin sinadari, ɗaya mai tauri, ɗaya mai laushi da take son iskar kabon. In na gauraya su sai a zuba a kan gilashi, a ja wuƙar shimfiɗa a kai, a kife da murfi. In ya bushe, a ɓare wani tantani da bai kai ɓawon albasa kauri ba. Aikinsa tace hayaƙin masana'anta: kabon ya ratsa a tara shi gefe, sauran iska ta tsaya. Duk masu irin wannan haɗin, lambar tacewarsu ba ta wuce ashirin. Namu ya ba da hamsin da ɗaya. Muka buga a mujalla, aka yi ta yi mana barka.

Yanzu wasu a wata jami'a sun bi rubutunmu daki-daki, sun sami sha tara. Sun rubuto. An kafa kwamiti, za su zauna ranar ashirin da biyar, kuma sai an shimfiɗa tantanin a gabansu.

Ni nake haɗawa, amma Baba ne yake shimfiɗawa. Shekara talatin da ɗaya yana ma'aikacin ɗakin nan, tun ba a haife ni ba, kuma duk tantanin da ya ba da hamsin daga hannunsa ya fito. Takardar ba ta furta kalmar ba, amma ko makaho ya shafa zai ji: uba ya ga 'yarsa tana neman digiri, ya sayo tantanin kamfani ya musanya mata. Babana fa. Mutumin da in ya tarar da biron ofis a aljihunsa a gida, washegari shi zai fara mayarwa.

Mama ta ce kada in kuskura ya ji.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Wanda na shimfiɗa jiya da hannuna: sha takwas.

Anti Awo, mai kula da injin gwaji, ta ɗan bubbuga injin ta ce masa ya ji tsoron Allah, ta sake aunawa. Sha takwas ɗin dai. Farfesa, wanda yake duba aikina, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce in kwantar da hankalina. In mutum ya faɗa maka haka sau uku cikin minti biyar, to nasa ne a tashe.

Na biya asibiti. Baba ya hango ni tun daga ƙofa, ya ɗaga girar hagu, wadda take amsawa. Ya daɗe yana tattaro kalmar kafin ya ce, "Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka a gida haka yake kirana. A wurin aiki kuwa "Dakta" yake ce min don tsokana, tun ina shekarar farko. Ya shinshina hannun rigata ya yamutsa fuska, wato na bari sinadari ya taɓa ni. Mutum yana kwance rabin jikinsa na yajin aiki, amma hancinsa na bakin aiki. Na yi dariya har nas ta leƙo.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Ashirin da ɗaya. Na yi murna, sannan na ji kunyar murnar.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Na canza sabuwar kwalbar sinadari. Na wanke gilashin yadda Baba yake yi, sau uku, na ƙarshe da ruwan da aka tace. Na ɗauko wuƙarsa, mai ƙulle-ƙullen zare a mariƙi. Na tsaya inda yake tsayawa, har ƙafar hagu na sa gaba kamar shi. Anti Awo ta ce saura in aro tumbinsa.

A baranda mutane biyu suka yi shiru da suka gan ni. Ɗayansu Baba ne ya koya masa riƙe kwalba, lokacin yana ɗari-ɗari kamar an ba shi jariri. Na gaishe su da kyau, na tambayi iyali, na tsaya har sai da suka rasa inda za su sa idonsu. Allah ya yafe min, na ji daɗin hakan.

Abin da suke riƙe da shi ƙofa ce. Shekara biyu da suka wuce Baba ya fara kulle kansa a ciki in zai shimfiɗa, minti ashirin, ya ce shimfiɗa ba ta son ido. Duk muka ɗauka rigimar tsufa ce, har waƙa ɗalibai suka yi masa. Yau ƙofar nan tana cikin takardar kwamiti, sakin layi na uku. Kuma a daidai wannan lokacin ne lambobinmu suka tashi. Ni ma na iya lissafi.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Sha bakwai. Anti Awo ta ajiye min abincinta a kan tebur.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

An sallamo Baba. Mun mayar da gadonsa falo, kusa da taga, don ya riƙa ganin titi yana yi wa masu wucewa gyaran tafiya da ido. Ni na yi masa aski. Na yanke shi kaɗan a haɓa, ya ce, "Dakta," cikin wata irin murya, Mama ta fashe da dariya har ta riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun kafin Talatar da ciwon ya same shi.

Ga abin da nake ta kewaye-kewaye ba na son rubutawa. Da safe na buɗe kabad ɗinsa na wurin aiki. Na gaya wa kaina tsoffin takardun awo nake nema. Ƙarya nake. Kwalin tantanin kamfani nake nema, kuma ina tsoron kada in samu.

Ban samu ba. Silifas, carbi, hotona na gama firamare da haƙori biyu a cire, ƙaramin tawul, da wani kwanon silba. Na zauna a ƙasa a gaban kabad ɗin na yi kuka mai isata. Na zargi Babana na tsawon minti goma, kuma ban san yadda zan goge minti goman nan ba.

Na zuba kayan a leda na kawo gida.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Mama tana fito da kayan ledar a kicin sai ta ɗaga kwanon ta ce ashe nan ya kai mata shi. Na ce me Baba yake yi da kwano, shi da ko ruwa ba ya yarda a sha a ɗakin gwaji? Ta ce ita ina ta sani. Ta shiga goge kwanon da ba shi da datti. Mama ba ta iya ɓoye magana ba, in tana ɓoyewa gogewa take yi.

Na rufe ƙofar kicin na gaya mata batun kullen ƙofa, wanda ban gaya mata ba da farko. Ta zauna a kan kujerar tsugunno, sannan ta ce:

"Filas ɗin nan da nake cika masa kullum, ba shayi ba ne. Ruwan zafi ne zalla. Yatsunsa na dama ne suka fara ƙin jin magana, in bai jiƙa su ba ba sa lanƙwasuwa."

Na ce tun yaushe. Ta ce an shiga shekara ta uku. Ya sa ta yi masa alƙawari. Ya ce in aka sani za a ɗauke shi daga kan teburin shimfiɗa a kai shi sito yana ƙirga kwalabe, ko a ce ya je ya huta. Ya ce sai Uwata ta gama tukuna, ba zai bar aikinta a hannun yaran nan masu shimfiɗa kamar suna shafa man burodi ba.

Na tambaye ta don me bai je asibiti ba. Ta ce in je in tambaye shi, ai ubana ne, ita aurensa kawai ta yi.

To, na san dalilin kulle ƙofa. Abin da ban sani ba shi ne me ya haɗa yatsu da hamsin da ɗaya.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 11:45 na safe

Anti Awo ce ta gano. Dole na gaya mata, don ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba. Ta saurara, ta share ido da gefen ɗankwali, sannan ta yi tambaya irin ta masu aiki: in ya gama jiƙa hannun, ina yake zubar da ruwan? Wurin wankin yana waje, a baranda, a idon kowa.

Muka ɗaga babban murfin da ake kife tantani da shi. A kan teburin, can ƙuryar baya, ga zoben da gindin kwano ya bari, zobe a kan zobe, ya ci fentin. Nan yake tura kwanon ya ɓoye kafin ya buɗe ƙofa, sai an tashi ya ɗauke. Wato duk tantaninmu a cikin tururi ya bushe.

Mun bar jaki muna ta dukan taiki kwana goma. A busasshiyar iska robobin nan biyu kowace ware kanta take yi, su yi curi-curi. Da alama tururin ne yake sa mai laushin ta miƙe ta yi 'yan hanyoyi daga wannan fuska zuwa waccan, kabon ya bi. Na zana wa Anti Awo a bayan ambulan. Ta ce ita dai abin da ta gane, tsohon nan ya yi babban bincike yana ƙoƙarin ɓoye kwano. Muka yi ta dariya, ita a tsaye ni a durƙushe, har muka rasa wacce ta fara kuka.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Da kwano, da ruwa mai zafin da hannuna yake iya jurewa: ashirin da tara. Hanyar ce, amma ba mu isa ba.

Da na koma gida Baba ya riƙe cokali da hagu ya kai baki sau shida. Na ƙirga. Ya ga ina ƙirgawa, ya ajiye cokalin ya harare ni har sai da na kau da kai.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Na ce wa Mama ta cika filas ɗin daidai yadda ta saba. Daga kan wuta ta juye. Na hau motar da yake hawa, na jira ƙarfe tara da yake farawa, na zuba a kwanon na sa ma'aunin zafi. Sittin da biyu.

Na tsoma yatsa. Ban kai ƙirga uku ba na fizge.

Na kira Mama na ce ko dai yana sirkawa. Ta ce a gida ma ranar hutu haka yake tsomawa, ya ce shi ɗumi-ɗumi yake ji.

Ba zan rubuta komai a kan wannan ba yau.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Hamsin. Aka sake, hamsin da biyu. Anti Awo ta sumbaci injin. Farfesa ya zauna a kan kujerar da ba a zama, mai karyayyiyar ƙafa, bai ma lura ba.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na gaya wa Baba. Mama ta ce tunda an sami mafita, ya ji daga bakina ya fi ya ji a bakin 'yan dubiya.

Na fara da takardar. Da na zo kan maganar tantanin kamfani, gefen fuskarsa mai motsi ya yi wani iri, ban taɓa gani ba. Na yi sauri na kai ga hamsin da biyu. Ya lumshe ido. Sai na ce kwamiti za su tambayi dalilin kwanon da dalilin ƙofar, ina neman izininsa in faɗa.

Na kama hannun daman. Kwana ashirin da biyar ina gyara masa shi a kan matashi, amma yau na fara dubansa. Fatar yatsun ta yi sulɓi tana sheƙi, wani wuri fari wani wuri ja, har zuwa wuyan hannu inda ruwan yake tsayawa. Kullum da safar hannu nake ganinsa a wurin aiki. A gida fa? A gida wane uzuri gare ni?

Ya sa hagu ya zare hannun daga nawa, ya ja bargo ya rufe shi, ya juya fuska bango.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Bai ce Uwata ba yau. Bai ce Dakta ba.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 1:10 na rana

Na fahimce shi, shi ya sa abin ya fi ciwo. A ginin nan in ana so a yabi aiki, cewa ake yi kamar Baba ne ya shimfiɗa. Ba shi da digiri, ba shi da ofis, hannun nan ne kawai. Yanzu in tashi a gaban mutum biyar in ce shekara biyu hannun a mace yake, mai shi yana ɓoyewa, yana kuma shigo da kwanon kicin inda doka ta hana?

Farfesa ya ce lambar za ta wanke zargin musanya, amma dole wani ya amsa dalilin da ya sa babu tururi a rubutunmu. In aka yi shiru, ƙofar nan za ta ci gaba da bin sunan Baba a baranda har bayan ransa.

Na yanke shawara. Zan ce ni na gano tururin tun farko, ni na ce ya riƙa kulle ƙofa, na ɓoye don kada wasu su riga ni. Farfesa ya ce na san abin da hakan zai yi wa digirina? Na ce na sani. Ya ce shi ba zai tashi ya ƙaryata ni ba, amma ba zai gyaɗa kai ba. Anti Awo ta ce duk gidanmu kanmu ɗaya, dutse.

Na gaya wa Mama a kicin, a hankali. Ta ɗauki tukunya ta fara gogewa.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Na shimfiɗa a gaban biyu daga cikin 'yan kwamitin. Sun kalli kwanon, sun kalli juna, sun rubuta. An kife, an manna takarda a kan murfin, sun sa hannu. Gobe awo, sannan tambayoyi.

Na maimaita ƙaryata sau huɗu a gaban madubin banɗaki. Ba ta zauna a bakina ba tukuna.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Hamsin da ɗaya, a gabansu.

Muka koma ɗakin taro. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta ce lamba ta yi, saura bayani. Ta tambaye ni wa ya kawo kwanon, kuma me ya sa babu shi a rubuce. Na miƙe. Na buɗe baki ke nan aka ƙwanƙwasa.

Mama ce, da mayafinta na zuwa unguwa, tana turo Baba a keken asibiti. Ya sa ta ɗaura masa agogo, ta taje masa gemu. Anti Awo tana biye da su tana kallon silin kamar ba ita ta taya su hawo da keken ba.

Shugabar ta ce ai da an sani da an je gida an same shi. Bai kula ba. Ya nuna a matsa da shi jikin teburin. Ya sa hagu ya ɗago hannun daman daga cinyarsa, da ƙyar, ya ɗora a kan takardunsu, ya juya shi ciki da baya don su gani da kyau.  Ɗaya daga cikin waɗanda na gaisar a baranda rannan yana cikin masu sauraro, ya sunkuyar da kai.

Mama ta yi bayanin filas da kwano, a taƙaice, ba ta kalli kowa ba. Shugabar ta tambaye shi ko haka ne. Ya gyaɗa kai. Ta tambaye shi tun yaushe.

Ya daɗe. Na ga yana neman kalmomin ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi, kuma ba wanda ya yi gigin taya shi.

"Shekara biyu," in ji shi. "Ni ne. Kwanona ne." Ya huta, ya nuna ni da haɓa. "Ita... ba ta sani ba. Kada ku tambaye ta."

Shugabar ta rufe fayil ɗin. Ta ce za a gyara rubutun a sa tururin, da sunan wanda ya kawo shi. Ta ce maganar shigo da kwano ɗakin gwaji laifi ne, za su rubuta masa gargaɗi. Baba ya gyaɗa kai da ƙarfi, kamar wannan ne kaɗai hukuncin da ya gamsu da shi a duk zaman.

Ba ta sani ba. Gaskiya ya faɗa musu, ita ta wanke shi, ita ta wanke ni, kuma ita ce take cina tun ɗazu. Shekara biyu muna fita tare mu dawo tare, ina karɓar gilashi daga hannunsa ina ɗaga tantanin a haske ina yaba kyansa.

A mota na zauna a damansa. Na sa hannuna a kan nasa a ƙarƙashin bargo. Na san ba ya ji. Mun kusa gida ya sunkuya ya duba, ya ga inda hannuna yake, ya bar shi a nan.